Ambulan ɗin da Na Ɓoye Maka

Babana,

Na san karatun Hausa yana yi maka nauyi, to ka bi shi a hankali, babu mai korar ka. Da da Japananci na rubuta, da ka gama cikin minti goma, amma da mutumin nan da ka saba gani a ofishin gunduma za ka tarar, mai laluben kalma yana sunkuyar da kai. Maganar da ke cikina ba za ta fito daidai ba sai da harshen da mahaifiyata Hajiya ta yi mini faɗa da shi, ta kuma yi maka wasa da shi. Kana Noto yanzu kuna kwashe ɓaraguzan gidajen mutane, sai Asabar za ka dawo. Zan bar takardar nan a kan teburinka.

In ka ɗaga ta za ka ga ambulan a ƙarƙashi, da sunanka a jiki. Tun farkon Yuli ya iso. Ni na buɗe akwatin wasiƙu da sassafe zan fita, na ga tambarin Jiyetai, Rundunar Kare Kai, sai na cusa shi a aljihu na tafi da shi yadi. Sati shida ya yi a akwatin gaban babbar mota, cikin takardun gwanjo. Ban buɗe ba, ban kuma iya yar da shi ba. Mahaifiyarka ba ta sani ba sai daren jiya, kuma abin da ta ce ɗaya ne: "Wasiƙarsa ce." Ta juya ta kwanta.

Na san ba kai kaɗai aka aiko wa ba. Gundumomi da yawa a ƙasar nan suna miƙa wa rundunar sunaye da adireshin duk wanda ya kai shekara 18, ita kuma ta bi su da gayyata. Abokanka sun samu, yawancinsu sun jefa a shara. Ni kuwa na san kai ba za ka jefar ba. Da ƙasa ta girgiza a Noto ranar 1 ga Janairun 2024, kwana uku ka yi gaban talabijin kana kallon sojoji suna tono mutane daga ƙarƙashin rufin gidajen Wajima, suna goya tsofaffi a kan hanyoyin da suka tsage. Ba ka ce uffan ba. Bayan wata biyu, muna cin abinci, ka tambayi mahaifiyarka ko ana ɗaukar mai sa tabarau. Na ji, na yi kamar ban ji ba.

Haka kake tun kana ƙarami. Ba ka da gardama, shi ya sa mutane ke ɗauka kana da sauƙin juyawa. Kana ɗan shekara tara sarƙar keken ƙanwarka ta tsinke, na ce a bari zan sayo sabuwa, ka ce to. Washegari tun kafin lokacin makaranta na tarar da kai a bayan gida, hannu duk baƙin mai, ka ɗauko filayata ka haɗa ta. Ka ce mini to, ka kuma yi abin da ka ga ya dace. Halin mahaifina ne sak, wanda ka ci sunansa, shi ya sa bakina ba ya iya kiran ka sai da Babana. Na taɓa jin kana gaya wa ƙanwarka cewa Baba bai taɓa faɗin sunanka ba, nata kuwa sau goma a yini. Da a Kano ne ba sai an yi maka bayani ba, kowa ya san kunyar ɗan fari da nauyin sunan uba. A nan kuwa ka tashi cikin yaran da iyayensu ke ƙwala musu kira daga bakin filin wasa, ni kuma ban taɓa zaunar da kai na warware maka ba. Na bar ka kana fassara shiruna kai kaɗai. Laifina ne wannan, kuma ɓoye ambulan ɗin nan ƙaninsa ne.

Bari in gaya maka abin da na fahimta game da rigar da kake sha'awa, don shekara ashirin da biyar nake zaune a nan ina saurare, ko da ba ni da ƙuri'a. Sashe na 9 na kundin tsarin mulki ka haddace shi don jarrabawa: ƙasa ta yafe yaƙi har abada a matsayin hanyar raba rigima da wata ƙasa, kuma ba za ta riƙe sojan ƙasa ko na ruwa ko na sama ba. A ofishin Janar MacArthur aka tsara daftarin kundin cikin kimanin mako guda a Fabrairun 1946, ya fara aiki ranar 3 ga Mayun 1947, har yau ba a taɓa masa ko harafi ba. Masu son gyara shi hujjarsu kullum ita ce baƙo ne ya rubuta, da bindiga a hannunsa. Gaskiya suka faɗa. Amma je ka faɗa wa Jiji, kakanka na wajen uwa, haka. Yana ɗan shekara shida aka ƙona Tokyo, daren 10 ga Maris 1945, mutum wajen dubu ɗari a dare ɗaya. An kai shi wurin dangi a ƙauye ya tsira, ya dawo bai gane unguwarsu ba. Mahaifinsa ya tafi Filifin, abin da aka kawo wa uwarsa farin akwatin katako ne, ta buɗe babu ƙashi ko ɗaya, sai guntun takarda da suna. Ya taɓa ce mini wanda ya rubuta sashen bai dame shi ba, tunda su suka biya kuɗinsa. Kuma ka san Jiji ba ya yarda a tsaya kan wahalar Japan kaɗai. In ya ambaci Hiroshima sai ya haɗa da Nanjing da Manila da abin da aka yi wa Koriyawa, ya ce maƙwabta ba mafarki suka yi ba.

Alkawarin bai cika shekara huɗu ba aka fara lanƙwasa shi, kuma waɗanda suka rubuta shi ne suka fara. Yaƙin Koriya ya ɓarke a Yunin 1950, Amurka ta kwashi sojojinta zuwa can, sai MacArthur ya umarci Japan ta kafa rundunar mutum 75,000 da aka kira 'yan sandan ko-ta-kwana. A 1954 ta zama Jiyetai. Firaminista Yoshida Shigeru dattijo ne mai lissafi: Amurka ta riƙe takobi, Japan ta ba ta filin sansani, ita kuma ta zuba kuɗinta a masana'antu. A 1976 aka tsayar da cewa kuɗin tsaro ba zai wuce kashi 1 cikin ɗari na abin da ƙasa ke samarwa ba, kuma ko bayan an soke ƙa'idar a takarda, a nan ya yi ta zagaye fiye da shekara talatin. Injinan da nake cirewa a yadi, in loda a kwantena, su sauka Legas, su ƙare a Ƙofar Ruwa, 'ya'yan wancan lissafin ne. Ƙasa ce ta tura haziƙan injiniyoyinta su ƙera motar da za ta yi shekara ashirin ba a buɗe kan injinta ba. Da su na gina wa Hajiya ɗaki, da su ka yi makaranta. Sai dai kada in yi wa labarin kwalliya. Toyota kanta tana bakin durƙushewa a 1950, odar dubban manyan motoci da sojan Amurka ya ba ta don yaƙin Koriya ce ta tashe ta. Tuwon zaman lafiyar nan da muka ci, da wutar gidan maƙwabci aka fara dafa shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda aka saba sauya wa abu suna maimakon a fito fili a tambayi jama'a. Kundin ya shimfiɗa hanya: kashi biyu cikin uku na kowace majalisa, sannan ƙuri'ar raba gardama. Ba a taɓa bin ta ba ko sau ɗaya. Fassara ake yi. Sojan ƙafa a nan sunansa "sashen gama-gari", masu igwa "sashen musamman", Izumo da Kaga kuwa, da ake gyara musu bene don jiragen F-35B su sauka, har yanzu "jiragen rakiya" ne a takarda. A Yulin 2014 majalisar ministocin Abe Shinzo ta zauna ta ce sashen da gwamnatoci suka daɗe suna cewa ya hana Japan yaƙi don kare wata ƙasa, ashe bai hana ba, in dai wanzuwar Japan na cikin haɗari. A Yunin 2015 aka kira masana tsarin mulki uku gaban kwamitin majalisa, har da wanda jam'iyyar gwamnati ta gayyato da kanta, dukansu suka ce dokokin da aka tsara kan wannan fassara sun saɓa wa kundin. A Satumba aka zartar da su.

Kana aji biyu lokacin. Jiji ya ce sai ya je gaban majalisa ranar 30 ga Agusta, ranar babban gangami, gwiwarsa kuma ba ta jure tsayuwar jirgin ƙasa, sai na kai shi a mota. Na sauke shi ɗan nesa, ana yayyafi, ya tambaye ni ko zan raka shi. Na ce babu wurin ajiye mota. Akwai. Tsoro na ji kada kyamara ta ɗauki baƙar fuskata a cikin taron, wani ya tuna da ita ranar da zan sabunta takardar zama. Awa huɗu na zauna ina kallon tsofaffi da ɗalibai suna wucewa da lema. Bai taɓa tayar mini da maganar ba, kuma shirun nan nasa ya fi zagi zafi. Na gaya maka ne don ka san mai ba ka shawara: mutum ne da tsoro ya sha kayarwa.

Duk da haka ba zan ce maka masu neman makami mahaukata ne ba. Ka tuna safiyar 4 ga Oktoban 2022, da makami mai linzami na Koriya ta Arewa ya ratsa ta saman Aomori, wayoyin mutanen arewa suka ɗauki kururuwa, aka tsayar da jiragen ƙasa. Wata biyu kafin nan Sin ta harba nata a atisayen da ta yi kewaye da Taiwan, biyar suka faɗa ruwan da Japan ke ɗauka yankin arzikinta. A Fabrairun shekarar Rasha ta afka wa Yukiren, kuma daga gaɓar Hokkaido ana hango tsibiran da ke hannunta. Mai zaune a irin wannan unguwa in ya ce zai ƙara wa ƙofarsa sakata, ba ni da bakin hana shi.

Ni kuma ɗan inda na fito ne. Dangin Hajiya na ƙauye, wajen iyakar Katsina da Zamfara, shekara huɗu ke nan rabonsu da gonakinsu. Sau biyu na tura kuɗin fansa daga na'urar banki ta kantin bakin layinmu. Can addu'ar mutane ita ce motar soja ta iso kafin gari ya waye. Kai ma ka ɗanɗana, ko da ba ka tuna. Da tashar Fukushima ta fashe a Maris 2011 na firgita, na matsa wa mahaifiyarka har ta yarda na kai ka Kano, a ganina na tsirar da kai. Ranar 20 ga Janairun 2012 bama-bamai suka tashi a birnin, aka kashe mutum fiye da 150, na kwana ina buga wayar da ba ta shiga. Hajiya ta ce ta tura ka ƙarƙashin gado, kai kuma ka miƙo hannu ka jawo ɗan maƙwabta ka shigar da shi. Shekararka huɗu. Tun ranar ya kamata in gane babu inda uba zai ɓoye ɗansa, amma ga shi bayan shekara goma sha uku na sake gwadawa da akwatin mota.

To, tsoron na gaske ne. Abin tambaya, wa zai biya, kuma an shawarce shi? A Disambar 2022 gwamnatin Kishida Fumio ta ce za ta kashe yen tiriliyan 43 kan tsaro cikin shekara biyar, alhali shirin da ya gabata tiriliyan 27 ne da 'yan kai, don a kai kashi 2 cikin ɗari nan da 2027. Ciki har da makaman da za su iya kaiwa cikin ƙasar abokin gaba, da Tomahawk har 400 daga Amurka, bayan shekaru ana cewa garkuwa ce ta Japan, mashi na Amurka. Wannan ma ministoci ne suka yanke, kwanaki kaɗan bayan majalisa ta tashi hutu. Kasafin tsaro na 2025 tiriliyan 8.7 ne, na 2022 kuwa 5.4. Kuma ƙasar nan bashinta ya ninka abin da take samarwa a shekara fiye da sau biyu, kusan kashi 30 cikin ɗari na mutanenta sun kai shekara 65. An ce za a ƙara harajin kamfanoni da na taba. An kuma kawo shawarar a gutsuri harajin da muke biya tun 2013 don sake gina Tohoku a karkata shi ga makamai, a tsawaita wa'adinsa. Ranar da mahaifiyarka ta karanta wannan ta ajiye jaridar ta ce, ashe har kuɗin waɗanda ruwa ya cinye wa gari. Jiragen ruwan yaƙi kuma an fara sayen su da bashin gine-gine, abin da gwamnatocin baya suka ƙaurace wa don sun tuna da bashi aka yi wancan yaƙin. Bashi kuwa ba Jiji zai biya ba, ba ni ba. Kai da ƙanwarka ne.

Akwai wani lissafin da ni ɗan kasuwa na fi ganewa. An tsara yawancin kuɗin nan ne a kan dala ɗaya yen 108. A Yulin 2024 dala ta haura 160, wato duk abin da za a sayo daga Amurka ya tashi da kusan rabi ba tare da an ƙara ko ƙusa ɗaya ba. Faɗuwar yen ɗin ce ta sa wa maƙwabtanmu mai da burodi da wuta tsada. Ni kuwa da dala ake biya na, kowace kwantena ƙari take kawo mini, kuma ban taɓa faɗin haka a teburin cin abinci ba. Shi ya sa in na ga hannun jarin Mitsubishi Heavy ya ninka sau da yawa tun 2022 ba na saurin zagin kowa. Na san daɗin kuɗin da ke shigowa ta ƙofar wahalar wani, na san yadda yake ɗaure baki. Da can kamfanoni gudu suke daga aikin makamai don ba riba, Komatsu ma ta daina ƙera sabbin motoci masu sulke. Sai gwamnati ta ɗaga ribar da take yarje musu har kashi 15 cikin ɗari, ta kuma ƙara buɗe ƙofar sayarwa waje da aka rufe tun 1967 da 1976: makaman Patriot zuwa Amurka, jirgin yaƙin da ake shirin ƙerawa tare da Birtaniya da Italiya, ga shi makon jiya Ostareliya ta zaɓi jiragen ruwa samfurin Mogami. A Nagasaki aka ƙera yawancin waɗanda Japan ke da su, garin da bam ya faɗa tsakanin masana'antun makaman Mitsubishi a 1945. Da zarar gari ya saba da albashin da ke fitowa daga wannan aiki, ɗan majalisar da zai ce a rage sai ya shirya faɗuwa zaɓe.

Kuɗi ana rantowa, ku ne ba a rantowa. A shekarar da aka haife ka an haifi jarirai kusan miliyan 1.09, a 2024 ba su kai 700,000 ba. Rundunar na da gurbin mutum kimanin 247,000, ba ta cika ba, kuma a shekarar kuɗi ta 2023 rabin waɗanda ta nema kawai ta samu. An ɗaga shekarun shiga daga 26 zuwa 32, ana ƙara alawus, ana gyara ɗakunan kwana. Babu tilas, gwamnati kanta na cewa kundin ya hana, to sai lallashi. Daga wannan giɓin ambulan ɗinka ya fito. Tomahawk ɗari huɗu da sa hannu ɗaya ake saye. Yaron da zai zauna a gabansa kuwa sai uwa ta yi shekara goma sha takwas tana tashi da asuba tana haɗa masa abincin makaranta.

Kai soja mai goya tsohuwa ka gani, kuma gaskiya ka gani. A 2011 mutum dubu ɗari suka tura Tohoku, kuma tun da aka kafa rundunar ba ta taɓa kashe kowa a fagen yaƙi ba. Amma sabbin kuɗin nan ba shebur za su saya ba. Kudu suke gangarawa, tsibiran Okinawa: Yonaguni, mai nisan kilomita 110 daga Taiwan, ta sami sansani a 2016, Miyako a 2019, Ishigaki a 2023. Mutanen Okinawa sun rasa kusan ɗaya cikin huɗu nasu a yaƙin 1945, ƙasarsu ba ta kai kashi 1 cikin ɗari na Japan ba, amma tana ɗauke da kusan kashi 70 na filayen sansanonin Amurka. Su an tambaye su: a 2019 fiye da kashi 70 na masu ƙuri'a suka ce ba sa son a cike teku a Henoko don gina wani sansanin. Aka ci gaba da zuba ƙasa. In ka sa rigar nan wataƙila can za a kai ka, kuma tsohuwar da ke zaune a bakin sansani da kwali a hannu sa'ar Jiji ce. Ina so ka san abin da ya zaunar da ita kafin motarku ta gifta ta gabanta.

Sauya suna ma ba a takarda yake tsayawa ba. A Yulin 2016 faɗa ya ɓarke a Juba, kusa da sansanin injiniyoyin Jiyetai da ke aikin Majalisar Ɗinkin Duniya a Sudan ta Kudu. Waɗanda ke can suka rubuta a rahotonsu na kullum cewa yaƙi ake yi. A Tokyo kalmar ba ta karɓu ba, don in yaƙi ne to dawo da su ya zama dole. Sai aka ce an yar da rahotannin, daga baya suka ɓulla, ministar tsaro Inada Tomomi ta sauka a 2017. Waɗanda suka kwanta suna jin ƙarar harsashi 'ya'yan wasu ne, ana can ana gardamar sunan da za a sa wa abin da ke samun su.

Ban taɓa ba ka labarin kakana sosai ba. Turawa sun ɗauke shi soja a zamanin yaƙin Hitila, aka loda su a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga nan dajin Bama, inda runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka gwabza da Japanawa a 1944 da 1945. Da Hausa ake ba su umarni. Barikin Chindit na Zariya, da Myohaung da Arakan na Legas, duk daga can sunayen suka zo. An ce wa mai gari ya kawo mutane, aka lissafa da shi. Bai san abin da Japan ta yi masa ba, bai ma san inda take ba. Ya dawo da lambar yabo da tari, ya ƙare rayuwarsa a gadi, kuma in ana ruwan dare ba ya barci. Jininsa da na mahaifin Jiji duk suna jikinka, mutum biyu da aka tura daji kan shawarar da ba a yi da su ba. Ranar da na ba Jiji labarin, bayan shekara biyar ba ya mini magana saboda auren, ya daɗe shiru, sannan ya tashi ya zuba mini shayi da hannunsa.

Yanzu ga ainihin abin da ya kai hannuna aljihu. Ba mutuwa kaɗai ba ce, ajali ko a yadi in sarƙa ta kuɓuce yana samun mutum. Dalilinka nake tsoro. Ina ganin yaƙen da kake yi in wani ya yaba maka iya Japananci, a garin da aka haife ka. Na ga fuskarka a watan jiya, kwanaki kafin ka kaɗa ƙuri'arka ta farko, muna wucewa gaban tasha wata motar kamfe na shelar cewa Japanawa ne farko, ka ƙara sauri don kada in ji. Na ji. Ina tsoron kada can ƙasan zuciyarka ka ce in ka sa kaki babu mai sake tambayar ka daga ina ka zo. In wannan ne, Babana, bashin da ba ka ci ba za ka biya. Kai ɗan ƙasar nan ne tun ranar da aka yanke maka cibi, ba sai ka kafa shaida da jininka ba. Wanda bai yarda da kai cikin rigar makaranta ba, kaki ba zai wanke masa zuciya ba.

In kuwa yaron nan ne da ya jawo ɗan maƙwabta ƙarƙashin gado yake magana a cikinka, to ba ni da abin cewa sai addu'a, don halin nan Allah ne ya ba ka, ba ni zan karɓe ba. Akwai 'yan kwana-kwana, akwai masu gadin teku, akwai aikin jinya, duk ceton mutane suke, ka duba su ma. In ka je wurin waɗannan, ka tambaye su ina ake kai sababbi, yaya sallah, yaya abinci, kuma kada ka ce musu to sai ka gamsu. In ka gama dubawa ka ce Jiyetai, zan raka ka har ƙofa, kuma wannan karon zan fito daga mota.

Daren jiya, bayan mahaifiyarka ta juya, na kwanta ina juya duk abin da nake tuhumar masu mulki da shi. Sun hango haɗari, sun tabbata sun fi kowa sani, sun ji tsoron amsar da za a ba su in sun tambaya, sai suka yanke a ɗaki suka sa wa abin wani suna. Ni nawa kariya na sa masa. Kai aka aiko wa, shekararka 18, doka ta ba ka ƙuri'ar da ni ba ni da ita, kuma in wata rana aka kawo Sashe na 9 gaban jama'a, hannunka ne zai zaɓa, ni ina waje ina jira. Ka yafe mini.

Na tambaya, lokacin miƙa takardu bai ƙure ba, ban jawo maka asara ba tukuna. Gobe 15 ga Agusta, shekara 80 cif da ƙarewar yaƙin, zan kai Jiji ziyarar kabarin mahaifinsa, wanda babu kowa a ciki. Na gaya masa abin da na yi. Ya ce in ka dawo ka je ka same shi kafin ka yanke komai, ba hana ka zai yi ba, akwai wani hoto da yake so ya nuna maka. Ranar Lahadi ba ni da aiki, zan kai ka in kana so. Mahaifiyarka za ta bar maka miyar kuka a firij, ta ce ka ɗumama, kada ka ci da sanyi.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka